Ful Ofshin ko Matsakaiciya? Yadda Za Ka Zaɓa wa 'Yarka Ajin Motar Tokumbo a Legas

Da 'yar autata ta samu aiki a Victoria Island, mu kuma gidanmu na Agege, sai zancen mota ya zama dole. Tana idar da sallar asuba take fita, ba ta shigowa sai bayan isha'i, ta sha turereniyar danfo da BRT har ta fara ramewa. Na ce ta turo mini irin wadda ranta yake so. Kafin la'asar hotuna sun cika mini WhatsApp, kuma duk jirgi ɗaya ya kwaso su: baƙar Mercedes C300, rufin gilas tun daga gaba har baya, manyan wili masu sheƙi. A ƙarƙashin kowane hoto ta rubuta, "Baba, wannan ful ofshin ce."

Kalmar nan ta ful ofshin ta ci kuɗin bayin Allah a garin nan ba kaɗan ba. Abin da take nufi shi ne kamfani yakan ƙera mota ɗaya mai suna ɗaya, sannan ya fitar da ita hawa-hawa: ta ƙasa mai kayan da ba makawa, ta tsakiya, da ta sama wadda aka loda wa duk wani ƙyale-ƙyale. Wannan hawa shi nake kira ajin mota. Mercedes na da Sport da Luxury, Lexus na da ƙunshin kaya irin su Premium da Luxury da Ultra Luxury, ga kuma F Sport. Ga wanda ya sayi motar sabuwa dal a Amurka, aji na sama jin daɗi ne, domin in abu ya lalace kamfani zai gyara. Ga wanda zai saye ta bayan shekara goma, a garin da ruwa ke kwanciya kan titi, kowane ƙarin maɓalli wata ƙofar kashe kuɗi ce. Shi ya sa shawarata a dunƙule ita ce: kuɗin da za ka zuba a aji na sama, mayar da shi kan shekara ta kusa da jiki mai lafiya, ka tsaya a matsakaicin aji. Ga yadda na bi.

Fara da hanya da mai tuƙin

Kafin ka taka Berger ko wani filin dillalai, ɗauki yarinyar a motarka ku bi hanyar da za ta riƙa bi, a lokacin da za ta riƙa bi. Ku lura da tudun rage gudu na unguwa, da gangaren ƙofar gida, da inda za ta riƙa ajiye mota a wurin aiki ko makaranta. Wadda za ta tafi Akoka daga Idi-Araba ba ta da matsala ɗaya da wadda za ta bi titin Lekki zuwa Ajah a watan Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ke haɗiye rabin taya. Wadda za ta hau gadar Third Mainland kullum, kilomita kusan 12 a kan ruwa, tana buƙatar motar da ba za ta mutu mata a tsakiya ba fiye da motar da za a waiwaya a kalla.

Sannan ka gaya wa kanka gaskiya game da hannunta. Shekara nawa da karɓar lasisi? Ta iya ribas cikin matsatsi? Doguwa ce ko gajeriya? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce. Lexus ES na kai kusan mita 4.9 a tsawo, C-Class ta tsakanin 2008 da 2014 kuwa kusan mita 4.6, haka ma Lexus IS. Yarinyar da ba ta hango ƙarshen bonet ba za ta riƙa goga bamba a kowane lungu.

Iri da shekara su riga aji

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fito da niyyar sayen ful ofshin, sai kuɗinsa su ja shi baya zuwa tsohuwar shekara. Ya dawo gida da ta 2008 mai rufin gilas, alhali da ɗan ƙari zai samu ta 2013 marar kwalliya. Dalilin da ya sa shekara ta fi aji nauyi shi ne kayan tsaron rai da shekara suke tafiya. A Amurka, inda mafi yawan tokumbonmu, wato motocin da aka yi amfani da su a waje kafin a shigo da su, ke fitowa, doka ta wajabta na'urar hana mota zamewa a kan duk ƙananan motoci daga samfurin 2012, ta kuma wajabta kyamarar ribas a motocin da aka ƙera daga watan Mayun 2018. Lexus ES ta 2013 da iyabag goma take zuwa, wato jakar iskar da ke buɗewa ta kare mutum in an yi karo, ko ta ƙasa ce ko ta sama. Daga 2017 kuma Lexus Safety System+, wato ƙunshin da ke da birkin gaggawa mai kama kansa da gargaɗin kauce wa layi, ya zama na kowace ES, bayan a 2016 sai wanda ya biya yake samu. Haka C-Class sabon jiki ta 2015 ta zo da Collision Prevention Assist Plus, mai gargaɗi da kama birki in za a yi karo, a kowane aji. Ke nan ta ƙasa a shekarar kusa takan fi ta sama a shekarar baya tsaron rai.

Motoci uku aka fi kai wa 'yan mata a Legas, kowace da halinta.

Lexus ES 350 jinin Toyota ce. Ta 2007 zuwa 2012 a kan ƙashin Camry aka gina ta, ta 2013 zuwa 2018 kuma a kan na Avalon, injinta V6 mai lita 3.5, ƙafar gaba ke jan ta. Ba bakaniken da zai buɗe bonet ɗinta ya tsaya yana sosa ƙeya, kuma kayanta na nan jibge a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo. Na farkonta, musamman 2007 da 2008, an san su da dashbod mai narkewa ya yi danƙo in ya sha rana, da wani tiyon roba na baƙin mai da ke fashewa, wanda daga baya aka mayar da shi na ƙarfe. In kuɗinka a nan ya tsaya, sa a duba ko an canza tiyon.

Lexus IS 250 ita ce 'yan mata suka fi so saboda ƙirarta, ƙarama ce, ƙafar baya ke tura ta. Sai dai kujerar baya a matse take, cikinta kusa da ƙasa, kuma injinta na tara baƙin gawayi a bakin bawul saboda yadda yake fesa mai kai tsaye cikin silinda. Zaman gosulo na ƙara masa wannan ciwo.

Mercedes C-Class ta fi su kwarjini, ta kuma fi su son a kula da ita a kan kari. Makullin sitiyari na lantarki a ta 2008 zuwa 2014 yakan mutu ba sallama, mota ta ƙi tashi ko da batir sabo ne. Wannan ba dalilin guje mata ba ne, amma sai in kana da bakaniken Benz na gaske da kuma riwaya wanda ya san ta, ba mai gwaji da motar mutane ba.

Inji: kada ka saya mata dokin da ya fi ƙarfin linzaminta

A motocin Jamus da IS, aji da inji a haɗe suke. IS 250 dawakai 204 gare ta a ma'aunin ƙarfin inji, IS 350 kuwa 306, a jiki iri ɗaya. C300 ta 2015 na da 241, C400 ta shekarar na da 329. Sabuwar direba a garin da ɗan acaba ke ɓullowa ta hagu da dama ba ta da abin yi da ƙarin dawakai ɗari, illa ƙarin mai da ƙarin faɗuwar gaban uwarta. Ɗauki ƙaramin. ES 350 ta hutar da kai wannan lissafi, injin ɗaya ne a kowane aji, dawakai 268 a shekarun 2011 zuwa 2018, kuma totur ɗinta ba mai zabura ba ne. Ƙari a kan haka, daga 2011 an tsara ta ta sha man fetur na gama-gari, alhali Mercedes da IS fetur mai babbar daraja kamfani ya rubuta musu, mu kuwa a gidajen manmu iri ɗaya ake zuba wa kowa.

C250 ta 2012 zuwa 2014 mai injin turbo na lita 1.8 tana ruɗar mutane da ƙarancin shan mai, amma sarƙar taimin ɗinta da giyoyin kamshaf sanannen rauni ne. In za ka duba ta, je da sassafe kafin a tayar da ita, ka saurari daƙiƙun farko. In ka ji kwaram-kwaram kafin sauti ya daidaita, yi musu sallama.

Sai 4MATIC da AWD, wato mai ja da ƙafa huɗu. Dillali zai ce maka, "Alhaji, wannan ko laka ba ta tsoro." Don ƙanƙara aka yi ta, mu kuwa ba mu da ita. Ba ta ƙara wa mota wani tsayin kirki daga ƙasa, tana ƙara shan mai, tana ƙara ƙarafan da za su ci, kuma tana son tayoyi huɗu masu kai ɗaya, ba a sa mata sabuwa ɗaya a bar tsofaffi uku. Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mai ƙafa huɗu galibi daga jihohin sanyi ko Kanada take fitowa, inda ake watsa gishiri a titi, gishiri kuwa shi ke cin ƙasan mota. C-Class ta 2008 zuwa 2014 an san ƙarfen da ke riƙe ƙafafunta na baya da yin tsatsa har ya ɓule. In kuma C300 ta 2013 ko 2014 kake nema, ka sani a Amurka 4MATIC kaɗai aka sayar da ita.

ES 300h, mai haɗa fetur da batir, ita ce na daɗe ina juya ta a raina. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya koyi lissafin lita. A takardar Amurka tana yin kimanin kilomita 17 da lita ɗaya, ES 350 kuwa kimanin 10, kuma a gosulo ne ma take nuna bajinta, domin injin kan kashe kansa ta riƙa lallaɓawa da batir. Amma batirin da ya haura shekara goma a ƙarshen ƙarfinsa yake, zafi kuma ba ya masa daɗi. In ba ka da wanda zai auna maka lafiyarsa da kwamfuta kafin ka biya, ka kuma ware kuɗin canza shi, bar ta.

Wili da tsayin mota

Nan ne aka fi yin asara, nan ne kuma aka fi yin gardama da yara. Babban wili ya fi kyau a hoto, ba musu. Amma da yake faɗin ramin taya ɗaya ne, duk inci ɗin da wili ya ƙaru, roba ce ta ragu. Duba lambar da ke gefen taya. ES 350 ta gama-gari na ɗaukar 215/55R17: faɗi milimita 215, kaurin gefe kashi 55 cikin ɗari na wannan faɗin, wato kusan milimita 118 na roba da iska tsakanin wili da kwalta. Mai inci 18 na ɗaukar 225/45R18, kauri ya sauko kusan 101. IS mai inci 18 kuwa 225/40 take sawa a gaba, milimita 90 kacal. Santimita ukun nan da ke tsakani su ne bambancin faɗa wa rami a titin Agege Motor Road ka wuce, da faɗa masa taya ta yi ƙulu, wili ya lanƙwashe, yarinya ta tsaya a bakin titi da dare tana kiran ka.

Wata matsalar ajin Sport da F Sport ita ce tayoyin baya sun fi na gaba faɗi a yawancinsu. Ba a juya su gaba da baya don su ci daidai, kuma in ɗaya ta fashe sai an nemo girmanta takamaimai, mai faci na bakin hanya ba lallai yana da ita ba. Wasu C-Class sabon jiki kuma da taya mai tafiya ko ta sace suke zuwa, ba safaya a but. Buɗe but ka ɗaga shimfiɗa ka gani da idonka. Ni dai ba zan ba 'yata motar da ba safaya da jak ba a Legas.

A C-Class ta 2008 zuwa 2014 gane aji ba wuya. Sport ita ce mai babban tauraro a tsakiyar giril, Luxury kuma tauraronta a tsaye yake a kan bonet. An sauke Sport ƙasa da kimanin milimita 15, an kuma taurara mata shokazoba, ga bamba mai leɓe da ke sumbatar kowane tudu. Luxury ta fi laushi, ta fi tsayi, kuma da yake samari na yi mata kallon motar dattawa, sau da yawa ta fi sauƙin ciniki. Sai dai a kula da tauraron nan na tsaye, yaran gosulo na son sa.

In an ce maka mota na da AIRMATIC, wato ƙafar iska maimakon sifirin, kada ka ma tambayi kuɗinta. Ranar da jakar iskar ta huje za ka tarar da mota ta durƙusa kamar raƙumi.

Abin da ya cancanci kuɗinka, da wanda bai cancanta ba

Biya kuɗin na'urar da ke kunna fitila a madubi in wani abu na gefen da ido ba ya kai wa. A ES daga 2013 ake samun ta a matsayin zaɓi, tare da mai gargaɗin abin da ke giftawa ta baya lokacin ribas. A garin acaba da keke ba abin da ya kai ta amfani ga sabuwar direba. Biya kuɗin sansan fakin na gaba da baya, mai yin ƙara in mota ta matsa kusa da abu. Kujera mai tuna saiti tana da amfani in ƙannenta ko direban gida za su riƙa taɓa motar. Kujera mai hura iska da labulen gilashin baya, a zafin Fabrairu da Maris, ba almubazzaranci ba ne. Bulutut ma dole ne, don kada ta riƙa tuƙi da waya a hannu. Kyamarar ribas kuwa, in babu, riwaya zai sa mata da kuɗi kaɗan, kada rashinta ya hana ka mota mai lafiya.

Kujera da sitiyari masu ɗumama jiki, ka san ba don mu aka yi su ba. Taswirar da ke cikin allo ta Amurka da Kanada ce, ba ta san Oshodi ba, wayarta ta fi ta. Sautin Mark Levinson ko Harman Kardon daɗi ne da shi, amma ranar da amfilifaya ta ƙone motar za ta yi tsit, har Traffic Radio ta 96.1 ba za a ji ba, kuma ta maye gurbinta ba araha. Fitilun gaba masu juyawa da kwana su ma haka: keke ya goge ɗaya, kuɗinta ya isa a sayi na ƙaramin aji biyu har da canji.

Rufin gilas babba shi ne muka fi daɗewa a kansa ni da Auta. Yana da ƙananan magudanai a kusurwoyi, ƙurar hunturu ta toshe su, damina ta zo ruwa ya bi ta cikin ginshiƙai ya kwanta ƙarƙashin kafet, inda wayoyi suke. Layin da yake zamewa a kai yakan cije, ga zafin da yake tara wa mota. Ƙaramin rufi na gaba, wanda kusan duk motocin nan ke da shi, ya isa a ɗauki hoto.

Ko kujerun ma, ta ƙasa takan fi ƙarko. MB-Tex ta Mercedes da NuLuxe ta Lexus ba fatar gaske ba ce, amma sun fi jure rana da gumi, da tsumma ake goge su. Lallausar fatar Ultra Luxury in ba a shafa mata mai ba tsagewa take. In da zaɓi, ɗauki ciki mai haske.

Tabbatar da cewa ajin da aka faɗa shi ne

Tambarin da ke bayan but ba shaida ba ne. A Ladipo ana sayar da F Sport da AMG da 4MATIC a leda, da gam ake liƙawa. Abin da ya fi wannan shi ne abin da suke kira ofgired: a ɗauki ES ta 2008 a sa mata fuskar 2018, ko C300 ta 2008 a sa mata fitilu da bamba na 2013. Wani lokacin mai ita zai faɗa, wani lokacin sai ka gano da kanka.

Shaidarka ita ce lambar casis, VIN, mai harafi da lamba 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin takardar da ke ginshiƙin ƙofarsa, su biyun da ta takardar kwastan dole su zo ɗaya. Ƙirga zuwa ta goma, ita ce shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, sai J 2018, domin ba a amfani da I da O da Q. Da wannan lamba za a ciro maka jerin kayan da motar ta fito da su daga kamfani. Da ita za ka sayi rahoton tarihin mota na Carfax ka ga mil nawa ta yi a ƙarshen zamanta can, ka gwada da abin da allo ke nunawa, kana tuna cewa mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Rubuta ta kuma a Google. In motar ta bi ta gwanjon Copart ko IAAI, sau da yawa hotunanta na ranar za su fito.

Na taɓa tsayawa a filin wani dillali gaban wata ES mai ƙyalli, yana rantsuwa fes bodi ce, ko ƙwarzane babu. Ɗana ya sa lambar a waya, sai ga ta a Amurka gabanta a murƙushe, iyabag biyu a waje. Ba kowace mai haɗari ce abin gudu ba, tokumbo da yawa haka suke zuwa. Amma a mota mai babban aji, bugun gaba na nufin an rasa radar da ke bayan tambari, bugun baya kuma na nufin an rasa sansan da ke kusurwar bamba. Fanabita zai mayar da ƙarfe da fenti, waɗannan kuwa ba kowa ke sayen su ya mayar ba. Sai ka biya kuɗin ful ofshin, maɓallan na nan, aikin babu.

Da lambar dai za ka duba rumbun hukumar NHTSA mai kula da tsaron hanya a Amurka ko kamfani ya yi kiran a dawo da motar don gyara wani lahani amma ba a gyara ba. ES ta 2007 zuwa 2012, IS ta wancan zamanin da C-Class ta 2008 zuwa 2014 duk suna cikin motocin da matsalar iyabag ɗin kamfanin Takata ta shafa, wanda sinadarinsa ke lalacewa da zafi da danshi har ya fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Zafi da danshi kuwa su ne Legas.

Ranar gwaji

Je da bakanikenka da na'urar sikanin, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma je da yarinyar. Kunna mota ba tare da tayar da inji ba, ka kalli allo: fitilar iyabag, ta ABS ta birki da ta inji dole duk su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an kashe bakinta ne. Ja kowane bel har ƙarshe ka sake shi, wanda ya cije ko yake dawowa a sanyaye ya ga haɗari ko ruwa. Sa hanci a kafet, duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera da ramin safaya. Motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, irin ta guguwar Harvey a 2017 da Ian a 2022, gwanjo ake kai su, kuma mai aji na sama ita ta fi shan wahala bayan ruwa saboda yawan ƙwaƙwalwar lantarkinta.

A ɗaga ta a leƙa ƙasa: tsatsa, yoyon mai, robobin ƙafa, da indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda ake yankewa a sayar. Duba lambobi huɗu na ƙarshen DOT a gefen taya, biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar sanyi da wasu ke zuwa da ita ba ta jure kwaltarmu.

Daga nan a danna kowane maɓalli, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Duk wanda bai yi aiki ba a rubuta, a cire kuɗin gyaransa a ciniki. A bar iyakwandishan a kunne mota na tsaye na minti ashirin, ana kallon allurar zafi, domin haka rayuwarta za ta kasance a Ikorodu Road. Sannan a ba yarinyar makulli ta saita kujera da madubi, ta yi ribas, ta hau tudu.

Takardu da ragowar kuɗi

Ba a cinikin biri a sama. Kafin kuɗi su fita, a tantance takardar kwastan a ofishinsu, a ga lambar casis da shekarar da aka biya wa diyuti sun dace da motar. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, don haka in an ce maka ta Kwatano ce, ƙara buɗe ido. Jami'an kwastan na tare motoci a hanya, kuma ba ka so a sauke 'yarka a titin Ibadan tana kan hanyar zuwa bikin dangi a Kano.

Inshorar dole ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, amma wanda aka buga take biya, ba motarka ba. Ga sabuwar direba a motar da fitilarta ɗaya ke da tsada, cikakkiyar inshora ta fi. Kada kuma ka ƙarar da kuɗinka kaf a wajen saye. Watan farko akwai juyen baƙin mai da man giya, birki, wataƙila batir da tayoyi huɗu, rajista da lamba, na'urar bin sawu, da zana lambar mota a madubai a kuma ɗaure su da ƙusa, saboda masu ɓalle su a gosulo.

Mu dai a ƙarshe ES 350 ta 2014 muka ɗauko, ruwan azurfa, wili inci 17, kujera mai hura iska, da fitilar madubin nan, ba rufin gilas babba, ba Mark Levinson. Auta ta yi kwana biyu tana amsa mini magana da "to, Baba" kawai. A mako na uku ta kira ni daga wajen Oshodi, ta ce ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, ta sauka ta zagaya motar ba ta ga komai ba, tana tambaya ko ta ci gaba da tafiya. Na ce ta duba allo ko fitilar taya ta kama. Ta ce ba ta kama ba. Na ce ta taho a hankali, gobe a kai wa mai alaimen ya duba.